Raket na Gaba, Raket na Baya

Ku aje wayar nan tukuna. Na ga hoton raket ɗin, ja da baƙi, ya yi kyau. Kun ce iri ɗaya kuke so ku biyu, launi ɗaya, nauyi ɗaya, don in kun shiga fili a san tare kuke. Ashe anko za ku yi. To ni ba tela ba ne, badminton kuma ba biki ba ne. Ku jawo benci ku zauna, tunda kun ce aikin nan ba komi ba ne illa a zura zare a rami a ja. Ni ma gwiwata ta gaji da tsayuwa.

Za ni ba ku labarin mutum biyu da na daɗe ina ɗaura wa zare, Malam Nasiru da Bello. Akwai shekarar da zaman Bello cikin garin nan na Sabon Birni ya rataya ga irin raket ɗin da abokinshi za shi riƙe, kuma ta hannuna abin ya bi. Amma ba za ku gane ba sai kun san mi ke cikin raket, don haka ku yi haƙuri da surutuna.

Raket na farko da na taɓa, ina gyaran keke ne a bakin tasha a Isa, da aurena har da 'ya'ya biyu. Wani tsohon malamin wasanni, Malam Isuhu, ya kawo kekenshi, ƙafar baya ta karkace. Ya zauna shina kallona ina ɗaure sifok, wayoyin ƙafar nan, ina ƙwanƙwasa kowane da sufana ina kasa kunne. Ya ce, "Umaru, mi kake saurare?" Na ce, "Wanda ya saki ba shi kuka irin na 'yan'uwanshi." Ya hau kekenshi ya tafi. Washegari sai ga shi da raket zare a tsinke, da basilla, da wani guntun icce naɗe da roba wanda ake jan zare da shi. Ya ce idonshi ya fara gajiya, ba shi ganin ramukan sosai, in na yarda shi koya mini. A lokacin ban ma san wasan da ake yi da abin ba.

Na ɓata shi, mana. Na fara daga gefe guda na yi ta ja har ɗaya gefen, yadda hankalina ya ba ni, kafin in gama kan raket ya karkace kamar ludayi. Malam Isuhu ya juya shi a hannu ya ce, "Daga tsakiya ake farawa, ɗaya dama, ɗaya hagu, kada wani gefe shi fi wani shan wahala. Sai tsaye sun cika ka shiga na gicciye." Shekara guda cur matattun raket ya yi ta ba ni, in ɗaura, shi sa almakashi shi yanke, in sake. Kuma ya kafa mini doka ɗaya da ban taɓa karyawa ba da son raina: kada in ɗaura wa mutum sai na ga yadda shike bugu. In kuwa biyu-biyu suke bugawa, sai na ga su duka.

Kayan aikin ba su da yawa. Ga basilla, ga filaya, ga almakashi, ga maganaɗisun da na cire daga tsohuwar rediyo. Injin jan zaren nan mai hannu, daga baya na same shi, wani direba ya kawo mini daga Maradi bayan ya tsufa a hannun wani. Da kilo shike awo, shi ya sa har yau da kilo nike magana. Amma ban taɓa yarda da allurarshi ita kaɗai ba. In na gama sai na buga zaren a tafin hannuna na ji kukan.

Wani Alhaji daga Unguwar Lalle ya taɓa shigo mini da raket cikin jaka mai zif, ruwan zinari, wai ɗanshi ya sayo mishi a Sakkwato, na ƙasar waje ne. Na ɗora maganaɗisu a karan, ya manne ɗaf. Ƙarfe ne anka shafa wa fenti. Na gari ba shi kama maganaɗisu, kuma ba ka ganin gaɓa tsakanin kara da kai, jiki ɗaya ne. Alhaji ya ce ai ƙarfe ya fi ƙwari. Na ce haka ne, Alhaji, galma ma ƙarfe ce. Wata biyu bai gaishe ni ba, sannan gwiwar hannunshi ta kumbura, ya dawo da kanshi.

Miƙo yatsanka, kai mai wayar. Ɗora wanga raket a kai, ka yi ta matsawa har shi tsaya bai faɗi ba. Ka ga inda ya tsaya, can wajen kai? Nauyinshi a kai shike. Na mai tsayuwa baya ne, wanda shatil, ƙwallon gashin nan, ke zo mishi daga sama, shina da lokacin ɗaga hannu shi sauke da ƙarfi. Ɗora ɗayan. Ka ga shi ya tsaya kusa da ƙota, kanshi ba nauyi, shina juyawa da sauri. Na mai gaba ne, wanda ke duƙe bakin raga, shatil na zo mishi a fuska ba sallama, ba shi da lokacin komi sai ɗan karya wuyan hannu. Ka ba mai gaba mai nauyin kai, kullum a makare shike. Ka ba mai baya marar nauyi, shi yi ta dukan iska har kafaɗa ta ƙi aiki. E, na sani, cikin wasa ana juyawa, na gaba shi koma baya. Amma kowane biyu da kunka gani suna da inda suke komawa in wasa ya yi zafi, kuma don wannan wurin nike ɗaura zare.

Zaren ma haka. Mai wuyan hannu mai kaifi a ɗaure mishi tamau, shi aje shatil inda ya ga dama. Mai koyo a sassauta mishi, zaren shi taimake shi. Ku samari kowa tamau shike so don a ji ƙara, sannan ku ɗaure raket a bayan babur ku bar shi cikin ranar bazara, zare shi tsinke, ku zo ku ce Baba Umaru ya tsufa. Na tsufa ɗin, amma ba ni na aje shi a rana ba.

To, Malam Nasiru malamin firamare ne, Bagobiri da zanenshi a kumatu, gajere, mutanenshi manoma ne wajen Gatawa. Bello kuwa Bafulatani ne, ma'aikacin lafiyar dabbobi, dogo, a ruga anka haife shi amma cikin gari ya yi karatu ya yi aure. Ranar da na fara ganinsu a zauren makarantar da muke kafa raga, ban sha wahalar tunani ba. Hannun Bello hannun sanda ne, in ya sauke shatil daga baya sai ka ji zauren ya amsa. Nasiru kuwa ba shi da ƙarfin a zo a gani, amma ko ƙuda ya gifta bakin raga sai ya taɓa shi. Na zaɓa wa Bello mai nauyin kai da kara mai tauri, na ƙara mishi naɗi a ƙota don tafin hannunshi babba ne. Na zaɓa wa Nasiru marar nauyi, na ɗaure mishi tamau. Sun fi shekara goma a haka. In zaren ɗaya ya tsinke, duka biyu suke kawo mini in duba.

Mutanen Isa sun sha zuwa da motarsu su koma ba su ci ko ɗaya ba. Su biyun kuma bakinsu bai hutawa. In Bello ya zubar da shatil, Nasiru shi ce, "Kakanninka sun ci Alkalawa, kai shatil guda ya gagare ka." Bello shi ce, "In masu tsaron ganuwar irin tsawonka ne, ai ba abin mamaki." Kowa shi yi dariya. Kowace Asabar da safe, kafin iska ta tashi, tare suke ratso kasuwa da raket a kafaɗa, kuma tare suke komawa.

Shekarar da abin ya ɓaci, ba sai na ba ku labarinta duka ba, da wayonku. Hanya ta mutu. Direban da ke kawo mini zare ya daina zuwa, waya ta daina shiga. Na koma wajen masunta a bakin gulbi ina karɓar zaren fatsa, mai kaurin da ya fi kusa, ina ɗaurawa da shi. Ba shi da kuka, ba shi da rai, bugu goma ya saki. Wallahi kunya nike ji in miƙa wa mutum. Zauren makarantar ma ya cika da mutanen ƙauye da sunka gudo da tabarmi da tukwane, munka kwashe raga munka koma wani tsohon siton taki, rufinshi ƙasa-ƙasa, shatil na taɓa kwano. Masu zuwa sunka ragu, mu da muke cika benci uku munka koma ba mu cika ɗaya.

A daminar nan 'yan bindiga sunka kashe yayan Nasiru a gona. Shina duƙe shina noma anka harbe shi ta baya. Bello ya je ta'aziyya, ina wurin. Da ya zauna, mutum biyu sunka tashi daga tabarmar sunka koma wata. Shi ma fa watanni kaɗan kafin nan an kore shanun mahaifinshi gaba ɗaya, tsohon ya tsallaka Nijar da sanda kawai a hannu. Amma ranar ba wanda ya tuna da wannan. A lokacin 'yan sa-kai sun fara tare mutane a bakin kasuwa, kuma kun san da fuska suke tarewa. Fulanin cikin gari da yawa sun tattara sun tafi. Abin da ya riƙe Bello abu ɗaya ne, shekara da shekaru kowace Asabar an saba ganinshi kafaɗa da kafaɗa da ƙanen mamacin. In wani ya nuna shi, sai a ce, "Bar shi, mutumin Malam Nasiru ne."

Bayan sadakar arba'in Nasiru ya dawo fili. Ina zaune a gefe ina kallo, don aikina ke nan. Abu na farko da ake koya wa mai gaba shi ne kada shi waiwaya. Idonka na kan abokan hamayya, na bayanka kuwa da kunne kake jinshi. In ka juya, ko dai ka makara, ko shatil shi same ka a ido, kuma na san mutum a Isa da ya rasa ido haka. Nasiru shekara goma ban ga ƙeyarshi ta motsa ba. Ranar nan, duk lokacin da Bello ya ɗaga hannu, sai in ga Nasiru ya ɗan karkato kai. Kaɗan ne, wanda bai san wasa ba ba za shi lura ba. Bello ya lura. Na ga ya fara sassauta bugu, shina ɗaga shatil sama maimakon shi sauke.

Ranar Talata Nasiru ya zo shagon nan shi kaɗai, ya zauna inda kake zaune. Ya aje raket ɗinshi a kan tebur ya ce, "Baba Umaru, mai nauyin kai nike so. Za ni koma baya."

Na yi kamar ban gane ba. Na ce, "Malam, da wace kafaɗa? Kai da in ka sauke shatil daga baya sai ya yi sallama kafin shi iso."

Bai yi dariya ba. Ya ce wani saurayi ma'aikacin asibiti ya ce za shi tsaya mishi gaba.

Na ce, "Bello fa? Masu baya biyu ba su haɗuwa, ka sani. Kuma ka san ba wasa kawai za ka raba ba."

Ya ce, "Baba, ban ce ya yi komi ba. Na san bai yi ba, ko a gaban Allah za ni faɗa. Amma in na duƙa bakin raga na ji motsi a bayana, Yaya nike gani. Na yi addu'a, na yi wa kaina faɗa. Wuyana ba shi jin magana."

Tausayinshi ya kama ni, tsoro kuma ya kama ni saboda Bello. Sai na yi abin da na ɗauka dabara ce, na ce mishi akwai raket ɗin amma ba zare, sai an samu. Ƙarya nike yi, ina da ƙunshi guda na zaren gaske da na ɓoye cikin gwangwani tun kafin hanya ta mutu. Na ce a raina in na ja shi mako biyu ko uku, za shi huce shi koma gurbinshi.

Bai koma ba. Zama ya yi a gida, Asabar uku ba shi zuwa fili. Asabar uku Bello na ratso kasuwa shi kaɗai. A ta ukun 'yan sa-kai sunka tare shi, sunka zazzage jakar raket ɗin a ƙasa wai su ga mi ke ciki, sunka zaunar da shi a rana tun hantsi har azahar. Mutanen da ya yi wa awakinsu allura suna wucewa suna kau da kai. Sai da limamin unguwarsu ya zo ya tsaya mishi sannan sunka sake shi. Da labari ya iso ni, na san dabarata ce ta zaunar da shi a ranar nan. Na buɗe gwangwani. Na ɗauko mai nauyin kai mafi sauƙi da nike da shi, mai kara mai laushi don shi taimaki kafaɗar Nasiru, na sassauta zaren da kilo ɗaya. Ban taɓa yin aiki mai kyau da baƙin ciki irin na ranar ba. Na rataye shi a ƙusa na aika a gaya wa Nasiru.

Kafin Nasiru shi zo, Bello ya riga shi. Ya kawo nashi ne in duba, don da sunka zazzage jakar wani ya taka karan. Ya rame, leɓenshi ya bushe. Ya ce, "Baffa, duba mini ko ya tsage." Ina cikin dubawa ya hango sabon a ƙusa. Ya sauko da shi, ya ɗora a yatsa yadda na nuna muku, ya ga inda ya tsaya. Ya dubi ƙotar, siririya, ba ta hannunshi ba.

Ya ce, "Na wa ne?"

Na ce, "Na Malam ne."

Ya mayar da shi ƙusa a hankali. Ya tsaya bakin ƙofa shina kallon titi, har na ɗauka tafiya za shi yi. Na san matarshi ta riga ta fara ɗaure kaya, ana ta ce mishi shi bi mahaifinshi.

Sai ya juyo ya ce, "Tsohon raket ɗin nashi fa?"

Na ce, "Ga shi nan, ya bar shi."

Ya ce, "Ƙara mishi naɗi, Baffa. Za ni tsaya gaba."

Na aje abin da ke hannuna. Na ce, "Bello, ka ga tsawonka? Kanka ya wuce raga. Gwiwarka ba ta saba da duƙo ba, wuyan hannunka kuma na sanda ne, ba na allura ba. Sannan Malam bai iya saukewa ba, inda ya nufa daban, inda shatil ke zuwa daban. A ƙeyarka za shi riƙa ƙarewa."

Ya ce, "Na sani."

Na ce, "Ba za ku ƙara cin kowa ba."

Ya ce, "Baffa, in ganina a gabanshi ne za shi sa hankalinshi shi kwanta, to shi gan ni. Ni ba inda za ni. Nan anka yanke wa 'ya'yana cibiya."

Na naɗa mishi ƙotar sau biyu, ya riƙe ya ce ta yi. Zaren ma na yanke tamau ɗin Nasiru na sake mishi da sauran na gwangwani, sassauƙa, irin wanda nike yi wa masu koyo. Mutumin da ya fi shekara goma shina girgiza zaure, na ɗaura mishi zaren 'yan koyo, ya karɓa ya yi godiya.

Asabar ta zo. Nasiru ya iso siton da sabon raket, saurayin asibitin na biye da shi. Sunka tarar Bello ya riga ya shiga fili, ya duƙa bakin raga da tsohon raket ɗin Nasiru a hannu, ya ba ƙofa baya. Bai juyo ba. Saurayin ya dubi Nasiru shina jira a ce wa Bello shi fita. Nasiru ya tsaya shina kallon bayan nan, dogo, rigar ta riga ta jiƙe tun ba a fara ba. Can ya ce wa saurayin, "Bari dai, wani mako." Ya shiga ya tsaya baya.

Wasan bai yi kyau ba, ba za ni yi muku ƙarya ba. Bello na makara, Nasiru na dukan kwano. Da anka yi nisa, shatil ya taso sama daidai hannun Nasiru, ya ɗaga ya sauke da duk ƙarfin da Allah ya ba shi. A ƙeyar Bello ya sauka, kusa da kunne. Duk siton munka ji ƙarar. Na ga kafaɗun Bello sun ɗaga, na ga wurin ya yi ja nan take.

Bai waiwaya ba. Ya sunkuya ya ɗauki shatil ɗin, ya gyara gashin da ya karye da yatsa, ya miƙa shi baya ta saman kafaɗa, idonshi na kan raga. Hannun ya daɗe a miƙe kafin Nasiru shi tako shi karɓa.

An ci su ranar, an ci su mako na gaba, har yau cin su ake yi. Amma ranar da anka tashi, tare sunka ratsa kasuwa.